Tarihin Titin Broad a Garin Oxford: Daga Bayan Ganuwa Zuwa Tsakiyar Jami'a

Gabatarwa

Garin Oxford yana ƙasar Ingila, kimanin kilomita 90 arewa maso yamma da birnin Landan, a daidai inda kogin Cherwell ya haɗu da kogin Thames. Ma'anar sunan garin a tsohon Ingilishi ita ce mashigin shanu, wato wurin da ruwa ba shi da zurfi har ana iya kora shanu su ƙetare. Yawancin hanyoyin tsohon garin matsattsu ne, wasu ma lunguna ne waɗanda mota ɗaya take cika su. Amma akwai wani titi guda a arewacin tsakiyar garin da ya fita daban. Gajere ne, mai tafiya a ƙasa zai gama shi cikin minti biyar, sai dai a tsakiyarsa ya buɗe har ya fi kama da dandali. Sunansa Broad Street, wato titi mai faɗi. A kansa ne zauren da Jami'ar Oxford take ba da digiri yake, da wani babban sashe na ɗakin karatunta, da ƙofofin kwalejoji biyu daga cikin tsofaffin kwalejojinta.

Wannan takarda za ta bi tarihin wannan titi ne ta hanyar tambaya ɗaya: me ya sa ya yi faɗi haka a cikin garin da fili yake da tsada? Amsar ita ce asalinsa ba cikin gari yake ba. Bayan ganuwa ne, inda mutanen gari suke kai abin da ba su so a cikin gari, kuma sai da aka ɗauki shekaru ɗaruruwa kafin jami'a ta tsallako ta mai da shi ƙofar gidanta.

Ganuwa, Rami da Kasuwar Dawaki

Tun farkon ƙarni na 10 Oxford gari ne mai ganuwa, wanda sarakunan Ingila na wancan zamani suka ƙarfafa saboda hare-haren mutanen Denmark. A tsakanin 1226 da 1240 aka sake gina ganuwar da dutse. Tana da manyan ƙofofi huɗu, kuma a jikin ƙofar arewa akwai cocin Saint Michael, wanda hasumiyarsa ta kimanin shekarar 1040 tana nan tsaye har yau. A bayan ganuwar ta arewa aka haƙa gwalalo, wato dogon ramin da ake zagaye gari da shi don hana mahara isowa gindin bango. Wanda ya san tsohon birnin Kano ko na Damagaram ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan tsari. Hanyar da ta bi bakin wannan rami daga waje, ita ce ta zama titin da ake magana a kai.

A ƙarni na 13 ana kiran hanyar Horsemonger Street, wato titin masu sayar da dawaki, domin a nan kasuwar dawakin garin take ci. Dalilin zaɓen wurin a fili yake. Cinikin doki yana bukatar sarari inda mai saye zai ga tafiyarsa da gudunsa, ga kuma kashi da ƙura waɗanda ba mai son su a ƙofar gidansa. Daga baya sunan ramin, Canditch, ya rinjayi na kasuwar. An yi kiwon kifi a wasu sassan ramin, an kuma mai da wasu sassan juji.

A wannan lokaci jami'ar tana cikin ganuwa. Ba ta da harabar kanta irin ta jami'o'in yau. Malamai da ɗalibai haya suke kamawa a gidajen mutanen gari, a kewayen cocin Saint Mary, inda ake yin tarurrukan jami'a. An fara koyarwa a garin tun ƙarshen ƙarni na 11, amma ɗalibai sun ƙaru sosai bayan 1167, lokacin da Sarki Henry na II ya hana ɗaliban Ingila zuwa karatu Faris. Zaman ɗalibai da 'yan gari zaman doya da manja ne. A 1209 an rataye wasu ɗalibai bayan mutuwar wata mace, sai wasu malamai suka yi ƙaura zuwa Cambridge, abin da ya zama mafarin jami'ar can. A watan Fabrairun 1355 gardama a kan giya a wata mashaya ta rikiɗe ta zama faɗan kwana uku, aka kashe mutane da yawa. Sarki ya goyi bayan jami'a, aka ɗora wa magajin gari biyan kwabo 63 duk shekara, kwabo ɗaya a madadin kowane ɗalibin da aka ce ya mutu, ba a kuma daina biya ba sai 1825.

Ɗaliban farko da suka zauna a titin dawaki talakawa ne. Wani attajirin basarake na arewacin Ingila mai suna John de Balliol ya yi rikici da bishop na Durham, kuma an ruwaito cewa har bulala aka yi masa a ƙofar coci. Cikin kaffarar da aka ɗora masa akwai ɗaukar nauyin wasu ɗalibai marasa hali a Oxford. Sai ya kama musu hayar gida a wannan titi, wajen shekarar 1263. Bayan mutuwarsa matarsa Dervorguilla ta ba gidan dukiya da dokoki a 1282, ya zama Kwalejin Balliol, wadda ba ta taɓa barin wurin ba. Kafin ƙarshen ƙarnin kuma sufayen cocin Durham suka sami fili a gabas da Balliol suka gina wa nasu ɗaliban masauki. Ke nan a ƙarni na 14 titin gefe ɗaya gare shi: daga arewa gidaje da lambuna da waɗannan makarantu biyu, daga kudu kuwa rami da bangon dutse.

Wuta a Bakin Rami

Abin da ya fi sa sunan wannan wuri shiga littattafan tarihin Ingila ya faru ne a 1555 da 1556. Sarki Henry na VIII ya raba cocin Ingila da Fafaroma saboda yana son rabuwa da matarsa ta fari, Catherine 'yar Aragon. Wanda ya yanke hukuncin cewa auren bai ɗauru ba a 1533 shi ne Thomas Cranmer, babban limamin Canterbury, kuma wannan hukunci ya mai da 'yar Catherine, wato Mary, 'yar da ba ta halal ba a idon doka. A zamanin Sarki Edward na VI, Cranmer ya jagoranci sauya ibadar coci daga Latin zuwa Ingilishi. Da Edward ya mutu a 1553, sai Mary ɗin nan ta hau gadon sarauta, ta mai da ƙasar ɗariƙar Katolika, aka kuma farfaɗo da tsohuwar dokar ƙone wanda aka samu da bidi'a a addini.

An kama Cranmer tare da Nicholas Ridley, bishop na Landan, da Hugh Latimer, tsohon bishop na Worcester, wanda ya yi suna wajen wa'azi. Dukkansu uku a Cambridge suka yi karatu, amma Oxford aka kawo su a 1554 domin a yi muƙabala da su a gaban malaman tauhidin jami'a. Muƙabalar ta suna ce kawai, don an riga an san sakamakonta. An tsare su a Bocardo, kurkukun garin, wanda yake a saman ƙofar arewa, wato a bakin titin daga yamma.

Ranar 16 ga Oktoba, 1555 aka fito da Latimer da Ridley ta wannan ƙofa zuwa bakin rami, daura da Kwalejin Balliol. Aka ɗaure su da sarƙa a turke ɗaya, baya da baya. Cikakken labarin abin da ya biyo baya ya zo ne daga John Foxe, wanda ya wallafa littafinsa a kan shahidan Furotesta a 1563, kuma shi mai goyon bayansu ne. A ruwayarsa, surukin Ridley ya rataya wa kowannensu jakar albarushi a wuya don mutuwar ta zo da sauri. Latimer, wanda ya doshi shekara 70, bai daɗe ba ya cika. Ridley kuwa itacen da aka jibga masa ya yi yawa, wutar ta kasa tashi sama, ta riƙa cin ƙafafunsa yana raye. Surukin nasa, cikin ruɗewa, ya ƙara masa itace, abin ya ƙara muni, har sai da wani ya janye damin sannan harshen wuta ya kai ga albarushin. An ce an fito da Cranmer saman kurkuku don ya gani da idonsa.

Ganin ya yi aiki a kansa. A watannin da suka biyo baya Cranmer ya sa hannu a takardu da dama yana janye aƙidarsa yana amincewa da ikon Fafaroma. Bisa al'adar coci wanda ya tuba ba a ƙone shi, amma Sarauniya Mary ba ta manta da abin da aka yi wa uwarta ba, ta ce sai an zartar da hukunci. Ranar 21 ga Maris, 1556 aka kai shi cocin Saint Mary don ya maimaita tubarsa a bainar jama'a. Da ya zo ƙarshen jawabinsa sai ya juya, ya ce tsoron mutuwa ne ya sa shi sa hannu, kuma hannun da ya yi rubutun shi zai fara shiga wuta. Aka jawo shi daga kan dandamali aka nufi bakin rami da shi. Shaidun ɓangarorin biyu sun yarda cewa ya miƙa hannun damansa cikin wutar ya riƙe shi a can.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya sani a nan. Na farko, waɗanda aka ƙone ɗin ba su kasance masu adawa da irin wannan hukunci ba a lokacin da suke da iko. Latimer ne ya yi wa'azi a wurin ƙone wani malamin Katolika mai suna John Forest a 1538, Cranmer kuma yana da hannu a hukuncin Joan Bocher da aka ƙone a 1550. Na biyu, coci ba ya zubar da jini da kansa, miƙa mai laifi yake yi ga hukumar gari. Saboda haka jami'an garin Oxford ne suka sayi itacen da turken da sarƙar, suka biya 'yan ƙwadago, suka kuma ciyar da fursunonin. Lissafin kuɗin da suka rubuta yana nan, kuma shekaru bayan mutuwar Mary suna ta kai ƙorafi a biya su abin da suka kashe.

A shekarar 1555 ɗin nan dai, taku kaɗan daga inda aka hura wutar, wani ɗan Katolika mai suna Thomas Pope ya kafa Kwalejin Trinity a tsohon masaukin sufayen Durham. Shi kansa Pope ya tara dukiyarsa ne a matsayin ma'ajin ofishin da ya karɓe kadarorin gidajen sufaye a zamanin Henry.

Jami'a ta Tsallaka Ganuwa

Taswirar garin da Ralph Agas ya zana a 1578 ta nuna ganuwar arewa a tsaye, gabanta kusan fayau. Wadda David Loggan ya zana a 1675 kuwa ta nuna jerin gidaje sun rufe ta. A tsakanin taswirorin biyu, hukumar gari ta cike ramin ta yanka shi filaye ƙanana ta ba da haya. Wannan ne ya sa kantunan da ke gefen kudu har yau siririya ne, masu hawa uku ko huɗu, a manne da juna. A bayan wasunsu akwai ragowar wata hasumiyar ganuwa da ba a gani daga titi. Sararin da aka bari tsakanin sababbin gidajen da tsofaffin kwalejojin, wato filin tsohuwar kasuwar dawaki, shi ne faɗin titin na yau, kuma a ƙarni na 18 sunan Broad Street ya zauna.

A gabashin titin jami'a ce ta ci ramin. Makarantar tauhidi da aka gama a ƙarni na 15, da ɗakin karatun da Thomas Bodley ya buɗe a 1602, duk suna cikin ganuwa ne, a matse a jikin bango. Bayan yaƙin basasar Ingila, wanda a cikinsa Sarki Charles na I ya mai da Oxford hedkwatarsa daga 1642 zuwa 1646, ganuwar ba ta da sauran amfani. A lokacin bikin ba da digiri a cocin Saint Mary ake yinsa, kuma biki ne mai hayaniya da zambo da ba'a, abin da manyan limamai suke ganin bai dace da wurin ibada ba. Gilbert Sheldon, babban limamin Canterbury, ya ɗauki nauyin gina zaure na musamman, ya kashe fiye da fam 14,000 daga aljihunsa. Aka rushe wani yanki na ganuwa da gidajen da ke jikinta, aka fara gini a 1664, aka gama a 1669.

Wanda ya zana ginin, Christopher Wren, farfesan ilimin taurari ne a lokacin, bai kuma daɗe da shiga harkar gini ba. Shi ne daga baya ya sake gina babban cocin Saint Paul na Landan. Ya kwaikwayo siffar zauren daga wani tsohon gidan wasan kwaikwayo na birnin Roma, amma na Romawa ba shi da rufi, Ingila kuwa ƙasar ruwan sama ce. Sai ya ƙirƙiro hanyar harhaɗa katakai ta yadda rufin zai ratsa faɗin kimanin mita 21 ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba. Abin lura shi ne fuskar zauren Sheldon kudu take kallo, wajen makarantar tauhidi. Titin Broad ƙeyar ginin yake gani. A tsakanin ginin da titi aka kafa shingen ƙarfe da ginshiƙai masu manyan kawunan dutse masu gemu, waɗanda mutane suke kira sarakunan Roma. Ruwa da hayaƙi sun cinye na farko, aka sake su a 1868, waɗannan ma suka lalace, aka sake sassaƙa na yanzu a farkon shekarun 1970. Wato jami'a ta fito bayan ganuwa, amma ta juya wa titin baya ta kuma kafa masa masu gadi.

Gini na biyu ya biyo baya a 1683, a yamma da zauren. Elias Ashmole ya ba jami'a tarin abubuwan ban mamaki da ya gada daga iyalin Tradescant, masu aikin lambun sarki, da sharaɗin a gina musu gida. Wannan gida yana cikin gidajen adana kayan tarihi na farko a duniya da aka buɗe wa kowa da kowa, muddin ya biya kuɗin shiga. A ƙarƙashinsa aka yi ɗakin gwaje-gwajen sinadarai. Bayan an kwashe kayan Ashmole zuwa sabon gini a ƙarshen ƙarni na 19, masu haɗa babban ƙamusun Ingilishi na Oxford suka yi shekaru suna aiki a ciki. Marubucin nan J. R. R. Tolkien ya zauna a nan a 1919 da 1920 yana binciken asalin kalmomin da suka fara da harafin W. Yanzu gidan na tarihin kimiyya ne. Yana da tarin asɗurlabi, wato farantan tagulla da masana suke auna tsayin rana da taurari da su don sanin lokaci da alƙibla, kuma da yawansu daga ƙasashen Musulmi suka fito. A cikinsu akwai wanda Muhammad ibn Abi Bakr ya ƙera a Isfahan wajen 1221, mai haƙoran ƙarfe a ciki irin na agogo. Akwai kuma allon da Albert Einstein ya yi rubutu a kai a wata lacca a Oxford a 1931, ba a goge allin ba.

Gini na uku na maɗaba'a ne. Da farko a cikin zauren Sheldon injinan buga littattafan jami'a suke, ana kuma ajiye littattafan a ƙarƙashin rufi, kuma duk lokacin biki aiki yakan tsaya. Tsakanin 1711 da 1715 aka gina wa maɗaba'ar gidanta, bisa zanen Nicholas Hawksmoor. Wani kaso na kuɗin ya fito ne daga ribar littafin tarihin yaƙin basasa na Edward Hyde, mai sarautar Clarendon, shi ya sa ake kiran ginin Clarendon. Wani soro ya ratsa tsakiyarsa ya raba shi biyu, ɓangare ɗaya na buga Baibul, wanda shi ke kawo kuɗi, ɗaya kuma na littattafan ilimi. Wannan ginin, saɓanin zauren Sheldon, yana da manyan ginshiƙai da matakala masu fuskantar titi. Wajen 1830 maɗaba'ar ta koma wani babban gida a titin Walton. Ɗalibin Hausa ya san sunanta, domin ita ce ta fitar da ƙamusun G. P. Bargery a 1934, reshenta na Nijeriya kuma ya fitar da ƙamusun Paul Newman da Roxana Ma Newman a 1977.

A 1771 majalisar dokoki ta kafa hukumar gyaran hanyoyin Oxford. A wannan shekara aka rushe ƙofar arewa da kurkukun Bocardo, aka adana ƙyauren ɗakin da aka ce a ciki aka tsare Cranmer, wanda yanzu yake hasumiyar Saint Michael. Ba da daɗewa ba aka kawar da shingen da ke gaban Balliol, titin ya ƙara buɗewa.

Ba a gina wa mutanen nan uku abin tunawa ba sai bayan kusan shekara 300, kuma wannan ma sabuwar rigima ce ta jawo shi. A shekarun 1830 wasu malaman Oxford, cikinsu har da John Henry Newman wanda ya yi karatu a Trinity, suka fara kira da a mai da cocin Ingila kusa da tsohuwar al'adar Katolika. Abokan hamayyarsu suka buɗe asusun gina hasumiyar tunawa da shahidai, da nufin kunyata su: in sun ba da gudummawa sun saɓa wa ra'ayinsu, in sun ƙi sun tona kansu. An gama hasumiyar a 1843, amma a wani titi na kusa mai suna Saint Giles aka kafa ta. Newman ya koma Katolika a 1845. A ainihin inda aka hura wutar, alamar gicciye ce kawai ta duwatsu a tsakiyar titi.

Daula, Littattafai da Kayan Gwanjo

A ƙarshen titin daga gabas akwai wani gini da ke kallon tsawonsa gaba ɗaya, da siffar giwa a ƙololuwarsa tana nuna inda iska ta nufa. Wannan ita ce tsohuwar Cibiyar Indiya, wadda farfesan harshen Sanskrit, Monier Monier-Williams, ya tara kuɗinta daga Indiya da Birtaniya. An sa harsashinta a 1883, aka gama a 1896, kuma cikin manufofinta akwai horar da samarin da za su je mulkin Indiya. Kwalejin Balliol ma, a ƙarƙashin shugabanta Benjamin Jowett daga 1870 zuwa 1893, ta shahara da tura ɗalibanta aikin gwamnati a gida da ƙasashen da aka mallaka. Ta yaye firaministocin Birtaniya huɗu. Seretse Khama, wanda ya zama shugaban ƙasar Botswana na farko a 1966, ya shiga kwalejin a 1945. Mata kuwa ba su fara karɓar digiri a zauren Sheldon ba sai watan Oktoban 1920, Balliol da Trinity kuma ba su fara ɗaukar 'yan mata a karatun digirin farko ba sai 1979.

Ranar 1 ga Janairu, 1879 Benjamin Henry Blackwell ya buɗe kantin littattafai a gida mai lamba 50, a wani ɗaki da tsawonsa da faɗinsa ba su kai mita huɗu huɗu ba. Kantin ya bunƙasa ya haɗiye gidajen maƙwabta, har ya rasa inda zai ƙara, domin Kwalejin Trinity ta kewaye shi ta baya. Sai aka yi ƙasa. A 1966 aka buɗe wani ƙaton ɗaki da aka haƙa a ƙarƙashin filin Trinity, mai kantoci da tsawonsu in an jera su ya kusa kilomita 5, aka sa masa sunan shugaban kwalejin, Arthur Norrington. Iyalin Blackwell sun riƙe kamfanin har 2022, lokacin da Waterstones ya saye shi, amma kantin yana nan da sunansa.

Ɗakin karatun Bodley ma ya cika, domin tun 1610 yake da haƙƙin karɓar kofe ɗaya na littattafan da aka buga a ƙasar. A wannan karon jami'a ƙetare titin ta yi. A 1937 ta rushe jerin tsofaffin gidaje da kantuna na gefen arewa, waɗanda yawancinsu na ƙarni na 17 ne. Wani malamin tarihi, W. A. Pantin, ya bi su ɗaki ɗaki yana aunawa yana zanawa kafin a kai su ƙasa, aikin da ya zama abin koyi wajen nazarin gidajen talakawan birni. Da tallafin Gidauniyar Rockefeller ta Amurka aka gina sabon ɗakin karatu bisa zanen Giles Gilbert Scott, aka gama a 1940, aka kuma haƙa hanya a ƙarƙashin titin da na'urar da ke jigilar littattafai zuwa tsohon gini. Yaƙin duniya na biyu ya jinkirta buɗewa, sojoji suka yi amfani da ginin. Da Sarki George na VI ya zo buɗe shi a 1946, sai mabuɗin azurfa ya karye a cikin ƙofa. Ginin bai samu karɓuwa ba, don daga titi kamar kurkuku yake, bango ne mai kauri da 'yar ƙofa a kusurwa.

A gefen kudu kuwa, a ɗaya daga cikin siraran gidajen nan da aka gina a kan rami, wani abu dabam ya fara. A watan Oktoban 1942 wasu malamai da limamai da 'yan gari suka kafa kwamitin agajin yunwa, saboda mutanen Girka da ke mutuwa a ƙarƙashin mamayar Jamus da takunkumin jiragen ruwan Birtaniya. Bayan yaƙi, wani ɗan kasuwa cikinsu mai suna Cecil Jackson-Cole ya sama wa kwamitin ofis da kanti a gida mai lamba 17, a ƙarshen 1947. Mutane suna kawo tufafi da littattafai da kayan gida kyauta, a sayar a matsayin gwanjo, a yi agaji da kuɗin. Gajeren sunan da kwamitin yake amfani da shi a wayar tangaraho, Oxfam, shi ya zama sunansa a hukumance a 1965. Ƙungiyar ta kai agaji lokacin yaƙin basasar Nijeriya da lokacin farin Sahel na shekarun 1970. Kantin farkon yana nan yana ciniki, kusa da alamar gicciyen.

A watan Janairun 1985 malaman jami'a suka taru a zauren Sheldon suka kaɗa ƙuri'a, 738 da 319, suka ƙi ba Firaminista Margaret Thatcher digirin girmamawa, duk da cewa a Oxford ta yi karatu, saboda rage kuɗin ilimi da gwamnatinta ta yi.

An rufe sabon ɗakin karatun na 'yan shekaru aka yi masa gyara, aka sake buɗe shi a watan Maris na 2015 da sunan Weston. An fasa bangon da ke fuskantar titi aka mai da shi jerin ƙofofin gilashi, kowa yana iya shiga zauren ƙasa ya ga baje kolin tsofaffin littattafai ko ya sha shayi ba tare da katin jami'a ba. A nan ne yanzu ake ajiye takardun da suka shafi Afirka waɗanda a da suke gidan Rhodes, cikinsu har da na Frederick Lugard da na Margery Perham wadda ta rubuta tarihinsa. Mai binciken tarihin mulkin mallaka a arewacin Nijeriya, in ya je Oxford, ta wannan titi zai shiga.

A mafi yawan ƙarni na 20 tsakiyar titin wurin ajiye motoci ne, tun da shi ne sarari mafi girma a wannan yanki na gari. A 2020 kantin Boswell da ke ƙarshensa na yamma, wanda asalin kasuwancinsa ya faro tun 1738, ya rufe. A bazarar 2021, bayan kullen annobar korona, hukumar gari ta shimfiɗa ciyawa da kujerun katako a wani sashe na titin na 'yan watanni, a 2022 kuma aka soke wuraren ajiye motocin aka sa akwatunan shuke-shuke da wuraren zama. Masu kekuna sun fi kowa bin titin yanzu, kuma a watan Disamba akan kafa rumfunan kasuwar Kirsimeti a tsakiyarsa. Duk lokacin da aka sake shimfiɗa kwalta, masu aikin sukan bar ɗan fili daura da Balliol, inda duwatsun gicciyen suke.